Shekarar da Na Kashe Wutar Ƙuli-ƙuli

Ba ni da gona. Ko taku ɗaya na ƙasa ban gada ba, amma tun ina budurwa gyaɗa ce take ciyar da ni, ita ta aurar da 'ya'yana, ita ta riƙe gidan nan bayan rasuwar maigidana. Matsar mai nake yi da suyar ƙuli-ƙuli a cikin garin Gwarzo, sana'ar da na tarar kakata tana yi na karɓa a hannunta. Wanda bai san sana'ar ba yana ganin wuyarta a hayaƙi take da juya turmi. Wannan ai jiki ne, jiki kuwa yana sabawa. Wuyar tana wajen samun gyaɗar. Ranar da babu gyaɗa a tsakar gida, ni da taɓarya duk ɗaya muke, sai dai a jingine mu a bango.

Shi ya sa ban taɓa rataya rayuwata a wuyan mutum ɗaya ba. Waje uku nake sayen gyaɗa: Mainika a nan ƙasarmu, sai Gammo da Gude a ƙasar Kabo. Abokan sana'ata da suke zaune a gida dillali ya kawo musu buhu har ƙofa sun daɗe suna yi mini dariya, wai ƙafata ƙaiƙayi take yi, wai abin da nake samu a bayan babur yake ƙarewa. Ko a jikina. Na san ruwan sama ba ya raba daidai. Shekarar da ya yi wa Mainika rowa sai ka tarar ya jiƙa Gude sharkaf, shekarar da ƙwari suka faɗa wa Gammo sai Mainika ta rufa mini asiri.

Kuma ba a kasuwa nake yawan saye ba, gidaje nake shiga. A ƙauyukan nan kowane gida yana da gandu, wato babbar gonar da maigida yake da iko da amfaninta. Ban da ita akwai gayauna, 'yar gonar da ake yanka wa mace, 'ya'yanta su nome mata ko ta sa a nome, abin da ya fito nata ne, mijinta bai isa ya ɗebi kwano ɗaya ba sai ta yarda. Akwai kuma kala, abin da tsofaffi da 'yanmata suke bi su tsince a ƙasa bayan an cire gyaɗa. Ita ma ta mata ce. Wannan gyaɗar ba ta zuwa rumbu. A ɗaka take kwana, ƙarƙashin gado ko cikin tsohuwar randa, ana fito da ita kwano-kwano in biki ya taso ko yaro ya kwanta ciwo. Ita nake bi.

Saye irin wannan ba ya yiwuwa a tsaye. Sai ka zauna, an gaisa, an tambayi mutan gida da gajiya da yara da dabbobi, an sha ruwa, an yi gulmar wadda ba ta nan, sannan a janyo kwano. Ina zuwa sunansu, ina zuwa ta'aziyyarsu, ina ƙulla wa yaransu ƙuli a gefen mayafi. Shekarar da gyaɗa ta yi arha a kasuwa har ana roƙon mai saye, ban daina zuwa ba. Ban kuma taɓa jira mace ta matsu sannan in karya mata farashi ba. Ba don ni waliyyiya ba ce, a'a, na san baɗi ma zan dawo in yi sallama a ƙofar nan.

A Gude gidan da nake fara sauka na wata tsohuwa ne da kowa yake kira Inna. Ba dangina ba ce, gyaɗa ce ta haɗa mu. 'Yar ƙanƙanuwa ce, bakinta ya fi ta girma, kuma ita matan unguwar suke kallo kafin su sayar ko su riƙe. Da na yi sallama za ta amsa daga ɗaka, “To, ku ɓoye kayanku, ga 'yar birni ta zo kwashe mana dukiya.” In ce, “Inna, yaushe Gwarzo ta zama birni?” Ta ce, “Tun ranar da kuka manta yadda ake sunkuyo.” Amma in ta zo awo, sai ta cika kwano ya yi tozo, ta ƙara da tafin hannu, tana ƙarawa tana mita.

Mutum na biyu da sana'ata ta dogara da shi ita ce Malama, wata 'yar Filato, Kirista, wadda ta koyar a firamare har ta yi ritaya ta buɗe shago kusa da tasha. Ita ce babbar mai sayen kayana. Tana sayarwa a shagonta, tana kuma aika mai da ƙuli can Jos wajen masu saye a hannunta. Abin da na matsa a mako, fiye da rabi wajenta yake tafiya.

Sai kuma Alhaji. Dillalin hatsi ne, yana da sito a bakin titi, abokin marigayi maigidana ne. Ni ma nakan sayi buhu a wajensa in ƙauye ya yi mini nisa, kuma ban taɓa kama shi da algus ba, gaskiya ɗaya ce. Abin da yake damunsa shi ne ba ya iya ganin abu yana tafiya ba ta hannunsa ba.

Shekarar da nake ba da labari, damina ta ɗauke da wuri, gyaɗa ba ta cika ba. Alhaji kuwa ya riga kowa hangowa. Tun shuka tana ƙarama ya zagaye ƙauyukan yana raba wa magidanta taki, a kan in kaka ta yi gyaɗar gandu tasa ce. Kaka ta yi, kasuwa ta ci, ba gyaɗa sai ɗan abin da ba a rasa ba, motocin Alhaji kuwa suna ta sauke buhuna a sito. Kafin wata ya zagayo duk mai matsar mai a unguwarmu ta gane gyaɗar ƙasar nan a hannun mutum ɗaya take.

Da kansa ya zo gidana da hantsi. Aka yi masa shimfiɗa a zaure, na tsaya daga bakin ƙofa muka gaisa.

“Hajiya, ina kwana? Ya gida, ya yara, ya sana'a?”

Ban taɓa zuwa Makka ba, kuma ya sani. Duk ranar da Alhaji ya kira ni Hajiya na san akwai abin da yake so. Na ce, “Lafiya lau, Alhaji, alhamdu lillahi. Ya iyali, ya kasuwa?”

“Kasuwa sai godiya. Tausayinki ne ya kawo ni. Kin ga yadda shekarar nan ta zo. Ni da marigayi ba ma haka da juna, ba zan zuba ido iyalinsa su wulaƙanta ba. Zan riƙa aiko miki da gyaɗa har gida, ba sai kin biya ba. Ki matsa, ki soya, a kawo man da ƙulin sito, a zuba a jarkoki masu tambarina, ki karɓi ladan aikinki. Ba hawa babur, ba shan rana.”

“Madalla. Malama fa, da sauran masu saye a hannuna?”

“Su zo sito, ai ba nisa. Sai dai yawon ƙauyen nan za a bari, kuma ba a sayar wa kowa ko ludayi ɗaya a gida. Kin san harka sai da tsari.”

Sana'ar kakata ce fa, turmin da nake juyawa ma nata ne. Na ce, “Alhaji, wato ni da turmina da kaskona za ka haɗa da gyaɗar ka saya?”

“Subhanallahi, wace irin magana ce wannan? Taimako ne.”

“Na gode, Allah ya saka da alheri. In buhu za ka sayar mini kamar yadda muka saba, ina so. In kuwa ni za a saya, ba a kawo ni kasuwa ba.”

Ya miƙe ya karkaɗe rigarsa, yana murmushi. Ya ce, “Buhu kam babu na sayarwa bana. Amma ƙofata a buɗe take. Rani dogo ne, Hajiya.”

Abokan sana'ata kuwa ɗaya bayan ɗaya suka amsa masa. Ban ga laifinsu ba, kowa ya san abin da yake kwana da shi a gida. Wata a cikinsu ta zo har ɗakina ta ce, “Ke dai taurin kanki zai kashe ki. Wa ya taɓa ja da mai sito?” Na ce ba ja nake da shi ba, ƙauyena zan tafi kamar kullum.

Abin da Alhaji bai sa a lissafinsa ba shi ne shi namiji ne. Iyakarsa zaure. Duk kuɗinsa, duk motocinsa, ba zai wuce bangon da aka rubuta “Ba shiga” ba. Ya sayi gandu, amma gyaɗar gayauna da ta kala suna can ƙarƙashin gadajen mata, inda ni nake shiga da sallama ɗaya.

Ba zan manta wata rana a Gammo ba. Na sauka daga babur na tarar da motarsa a ƙofar wani gida, shi da maigidan suna zaune a zaure. Ashe ya ji labarin inda nake samun gyaɗa, ya zo ya sa mazan su karɓo masa ta matansu. Na durƙusa na gaishe su gaisuwa mai kyau, har da tambayar gajiyar hanya, na wuce ciki da buhuna a naɗe a hammata. Ina zama maigidan ya biyo ni, yana sosa ƙeya, ya ce da matarsa Alhaji yana son 'yar gyaɗar nan tata, kuma zai yi mata saye na mutunci. Matar ba ta ko ɗago daga tankaɗen da take yi ba. Ta ɗaga murya yadda za a ji a zaure ta ce, “Malam, a gaya wa Alhaji gandu ya saya, bai sayi gayauna ba. Ranar da na haihu wa ya zo mini barka, shi ko ita?” Maigidan ya juya sumui-sumui. Da na gama awo na janyo buhuna ta cikin zauren, ta gaban Alhaji, har ya ɗan janye ƙafarsa don in wuce. Na ce, “A sauka lafiya, Alhaji.” Wallahi ranar daɗi ya kusa kashe ni.

Haka na ci rani, kwano nan, tiya can. Wutata ba ta mutu ba, Malama ba ta rasa kaya ba, sai dai abin ya ragu. Amma gyaɗar ƙarƙashin gado ba rijiya ba ce. Mainika ta fara ƙarewa. Sai Gammo. Ina shiga gida mace ta kifa mini randa in gani da idona, ta ce, “Wallahi, Yaya, kin ga iyakarta.” Da bazara ta kama, zafi ya sauko, Gude kaɗai ta rage mini, ita ma da kyar.

A daidai lokacin Malama ta zo mini da magana. Za ta aurar da 'yarta bayan Ista, can gida Filato, tana son mai da ƙuli masu yawa na biki, ga kuma masu saye a hannunta a Jos suna ta waya. Ta zauna a bakin turmina ta ce, “Mama, ba zan ɓoye miki ba, Alhaji ya aiko mini har sau nawa. Ya ce in zo sito zai ba ni ko nawa nake so. Ni kuma na ce ina da mai ba ni kaya. Amma in mutanen Jos suka saba da jarkarsa, ban san ko zan iya dawo da su ba. Za ki iya?” Na ce zan iya. Na faɗa ne kawai, ban san da me zan iya ba.

Na tafi Gude na zayyana wa Inna komai. Ta saurare ni tana ɓare goro da farce, ba ta tsokane ni ba ranar, abin da ya kamata ya sa in sha jinin jikina. Ta ce in koma, in dawo bayan Juma'a. Da na dawo na tarar da buhuna a ɗaure a tsakar gidanta, cike, har sai da aka nemo mini babur na biyu. Na ce, “Inna, ina kuka samo wannan?” Ta ce, “Ina ruwanki? Mata ne suka karkaɗe ɗakunansu. Da ɓawonta take, ba mu samu ɓarewa ba. Ki ba da abin da za ki bayar ki kama hanya, rana tana yi.” Na kai hannu zan kwance bakin buhu ta buge mini hannu. “Yau kuma ni za ki bincika?” Na ji kunya, na biya, na taho ina ta sa musu albarka a hanya.

Ina isa gida na shimfiɗa tabarma na zazzage buhun farko. Sai ƙura fara ta tashi. Na ɗebo a hannu na duba. Toka ce a jikin ɓawon. Gyaɗar kuwa manya-manya, ɗaya bayan ɗaya kamar an tsince su da hannu, ba kwanso, ba ƙwamusasshiya, ba wadda ƙasa ta ci. Gyaɗar kala ba ta zuwa haka, ta gayauna ma ba ta zuwa haka. Na zazzage na biyu, haka. Ko ban taɓa riƙe fartanya ba, na yi shekaru ina shiga ɗakunan matan nan, na san randar da ake liƙe bakinta a zuba toka don ƙwari, wadda ko yaro yana kukan yunwa ba a taɓawa. Iri ne. Abin da za su shuka in ruwa ya sauka suka kwashe suka ba ni.

Na zauna a ƙasa na yi kuka, kukan daɗi da na haushi a haɗe. Daɗi don ban san na kai haka a wajensu ba. Haushi don ga gyaɗa a gabana wadda za ta ishe ni bikin Malama har da ragi, ga kasko, ga itace, na saya da haƙƙina, ba wanda zai ce na yi laifi, amma hannuna ya ƙi zuwa wajen ashana.

Tunanin da na yi ba mai zurfi ba ne. In na soya ta, na fita kunyar Malama, wutata ta kai damina. To, ruwa ya sauka, matan Gude su shuka me? Wa yake da gyaɗa a ƙasar nan? Alhaji. Zai ba mazansu iri su shigar musu har ɗaka, a kan in kaka ta yi amfanin nasa ne. Ƙofar da ya kasa wucewa da ƙafarsa zai wuce ta da iri, kuma ni ce na zare masa sakata. Baɗi in yi sallama a Gude a ce mini gayauna ma an sayar. In kuwa ban soya ba, Malama ta tafi, wutata ta mutu, a yi mini dariyar da aka daɗe ana tanadi. Na auna biyun, na ga dariya ba ta kisa. Na tattara gyaɗar har da tokarta na mayar buhu.

Washegari da safe Inna ta ga babura biyu a ƙofarta, ta fito ta tsaya ta riƙe ƙugu. A wajensu mayar da kaya bayan an yi ciniki an yi sallama cin fuska ne babba, ana yi wa mai algus ne.

“Me na gani? Kayanmu aka dawo mana da shi? Ruɓaɓɓiya ce ko awon ne bai cika ba?”

“Inna, ina kwana. Iri ne fa kuka ba ni.”

“Ban kwana ba! Irinki ne ko namu? Mu muka ga dama. Mun zauna mun ce ba za a durƙusar da ke a gaban mutumin nan muna kallo ba, shi ne za ki kwaso ki watsa mana a fuska? Mu kika raina, don muna ƙauye?”

Mata sun fara leƙowa ta katanga. Na durƙusa na ce, “Inna, ban mayar ba. Na saya, tawa ce, kuma abin da na bayar ba zan karɓa ba. Ajiya na kawo. Ku raba, kowa ta ɗauki nata, in ruwa ya sauka a ajiye mini ita a ƙasa.”

Ta ƙanƙance ido ta dube ni. “Au, ke ma kin zama Alhaji ke nan? Iri da sharaɗi?”

Maganar ta soke ni, don ban hango ta ta nan ba. Na ce, “Babu sharaɗi. In kaka ta yi ku sayar wa wanda kuka ga dama, ko Alhajin ne. Ni dai a shuka.”

“Wutarki fa?”

“Zan kashe.”

Ta yi tsaki ta shige ɗaka, ko ruwa ba ta ba ni ba. Matan suka shigo shiru-shiru, kowa ta gane buhunta ta ja.

Daga nan shagon Malama na wuce, don ban so ta ji a bakin wani ba. Na gaya mata na ce zan iya, to ban iya ba, na kuma gaya mata dalili. Na ce, “Ki je wajen Alhaji, kar bikin 'yarki ya lalace saboda ni. Mansa mai kyau ne, ƙawayena ne suke matsa masa.” Faɗar wannan ta fi mini komai ciwo a shekarar. Idon Malama ya kawo ruwa, ta ce, “Mama, ke dai Allah ya yi ki da kai kamar dutse.” Ta je sito, don ba ta da yadda za ta yi.

Na dawo gida na wanke kasko na kife, na kwantar da turmi, na share tokar murhu tas. Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa jinsa ba ƙamshin suya ba. Yaran unguwa suna zuwa da safe sayen ƙuli in ce babu, su tsaya suna kallona kamar ban ji su ba. Akuyata na sayar muka ci, na koma ƙulla gishiri da kanwa a ƙofar gida, ni da nake cika jarkoki. An yi dariyar kuwa, har da wadda ake yi da sigar jaje.

Alhaji ma ya zo nasa jajen. Daga zaure ya ce, “Hajiya, na wuce na ga ba hayaƙi, na ce ko lafiya?”

Na ce, “Lafiya lau, Alhaji. Kasko ne yake hutawa.”

“Ƙofata dai tana nan a buɗe.”

“A rufe ta, Alhaji, kar ƙura ta shiga.”

Da ruwan shuka ya sauka na kasa zama, na hau babur na tafi Gude. Na tarar da Inna a gayaunarta da wasu tsofaffi, ƙasa a jiƙe tana ƙamshi. Na gaishe ta ta amsa a daƙile, har lokacin fushi take. Can ta miƙo mini ƙwarya cike da ɓararren iri ta ce, “Tunda ke kika dawo da ita, sai ki sunkuya.” Na tuɓe takalmi na ɗaura mayafi a ƙugu. Ban iya ba, ina zuba uku inda ake zuba biyu, ina taka ramin da ban rufe ba, tana bina da faɗa tsofaffin suna dariya. Gonar a bakin hanya take, sai ga motar Alhaji zai shiga gari rabon takinsa. Ya rage gudu ya leƙo ya ce, “Ikon Allah! Hajiya, an koma ƙwadago ne?” Na ɗago, bayana kamar zai karye, na ce, “A'a, Alhaji, kayan bana nake dubawa.”

Amma maganar gaskiya, duk daminar nan da fargaba na yi ta. Ni da bakina na ce babu sharaɗi, kuma da kaka ta matso Alhaji ya aika ta bakin mazan cewa zai ɗora a kan duk abin da na taya. Duk da haka na naɗe buhuna na nufi Gude. Wasu gidajen kuwa sun sayar masa, suka gaya mini suna sunkuyar da kai, na ce ba komai, haƙƙinsu ne, muka gaisa na ba yara alewa tunda ba ƙuli. Mutanen Jos ma da yawa ba su dawo ba har yau, sun saba da jarka mai tambari. Malama ta dawo wajena da 'yan masu sayen da suka rage mata.

Na yi sallama a ƙofar Inna, sai na ji muryarta daga ɗaka, “To, ku ɓoye kayanku, ga 'yar birni.” Ta janyo buhu daga ƙarƙashin gado, sai ga mata suna shigowa ɗaya bayan ɗaya da kwanuka a ka. Ta zauna tana awo, tana cikawa ya yi tozo, tana ƙarawa da tafin hannu, tana mita wai layin da na shuka duk ya fi karkacewa. Da ta gama ta nuna mini wata randa a lungu, an liƙe bakinta da laka, ta ce, “Waccan kuwa, ko za ki yi birgima a ƙasa ba za ki ƙara ganin cikinta ba.” Na ce, “Ko kin ba ni, Inna, dawo miki da ita zan yi.”

Da la'asar na iso gida. Ban ko cire mayafi ba na tayar da turmi, na ɗora kasko, na hura wutata. Da ƙamshin ya fita waje wani maƙwabci ya ɗaga murya ta katanga yana tambaya ko Alhaji ne ya aiko da gyaɗa. Na ce masa a'a, tawa ce.